Jirgin da ke suma a minti na huɗu: nazarin matsala ɗaya a ƙaramin jirgin rimot mai batir

Asalin jirgin da mai shi

Mutumin da wannan bayani ya shafa ya yi wata takwas yana tuƙa ƙaramin jirgin sama mai rimot kafin matsalar ta taso. Ya wuce ɗan koyo, amma bai kai gwani ba. Yana iya tashi, ya zagaya fili, ya sauka lafiya mafi yawan lokuta. Yana da wata ɗabi'a da ta sa aka iya rubuta wannan nazari: duk lokacin da ya sauka yakan rubuta mintunan da ya yi a sama, da yawan wutar da caja ta mayar wa batir. Daga littafin nan nasa alƙaluman da ke ƙasa suka fito.

Jirgin na koyo ne, mai fiffike a saman jiki, an ƙera shi da soso mai tauri. Tsawon fiffike daga wannan baki zuwa wancan santimita 120, faɗinsa santimita 20, nauyin jirgin duka da batir giram 950. Batir ɗin LiPo ne, wani nau'in batir mai caji, mai sel uku, wato ƙananan batura uku a haɗe, 2,200 mAh, ma'aunin yawan wutar da yake riƙewa ke nan. Kowane sel idan ya cika yana nuna bolt 4.2, ukun a haɗe 12.6 ke nan. Farfelar da jirgin ya zo da ita 9x5 ce: lambar farko tsawonta ce a inci, ta biyu kuma nisan da za ta ci gaba a juyi ɗaya in da iska abu ce mai tauri.

Dole a san hanyar da wuta ke bi a cikin irin wannan jirgi, don labarin duka a nan yake. Daga batir wuta takan shiga wata ƙaramar na'ura da ake kira ESC, wadda ke sarrafa gudun inji gwargwadon yadda aka tura totur. Ta wannan jirgin mai amfiya 30 ce, wato iyakar yawan wutar da za ta iya ɗauka ke nan. A cikin ita ESC ɗin akwai wani sashe dabam, BEC, wanda aikinsa rage ƙarfin wutar batir zuwa bolt 5 domin ciyar da rasiba, wato na'urar da ke kama umarnin rimot, da kuma sarbo, ƙananan injinan da ke ja da tura leɓunan fiffike da na wutsiya. Sarbo huɗu ne a jirgin, masu giram 9: biyu a fiffike, ɗaya mai ɗaga hanci da saukar da shi, ɗaya mai karkatar da wutsiya hagu da dama. A jikin ESC an rubuta cewa BEC ɗinta na ba da amfiya 2.

A watanni takwas ɗin nan tashinsa na yau da kullum minti 9 ne, caja kuma tana mayar da 1,200 zuwa 1,300 mAh. Jirgin bai taɓa ƙin jin umarni ba.

Mako na 1: saukar da ta karya farfela

Wata rana ya sauka iska na bayansa maimakon ya fuskance ta. Jirgin ya zo da gudu, ya dunguri ƙasa da hanci, ya kife. Farfela ta karye, wutsiya ta tsage a gindi. Ɓarna ce ƙarama. Ya liƙe wutsiyar da gam a daren, ya bar ta ta bushe. Farfela 9x5 ba ta hannunsa, amma yana da 10x7 da ya daɗe da ajiyewa, ramin tsakiyarta kuma ya yi daidai da sandar inji. Ya ɗaura ta.

Tashin farko bayan gyara ya faranta masa rai. Jirgin yana hawa kamar ana jan sa da igiya. Ya rubuta a littafi cewa sabuwar farfela ta fi tsohuwa. A minti na huɗu da 'yan daƙiƙu, jirgin yana can sama sosai, sai inji ya ɗauke, jirgin ya sunkuyar da kai, ya karkata hagu. Ya ja sandar tuƙi ta rimot bai ga komai ba. Bayan kamar daƙiƙa biyu sai tuƙi ya dawo. Inji kuwa bai tashi ba sai da ya mayar da totur ƙasa gaba ɗaya sannan ya sake turawa. Ya sauka nan take.

Caja ta mayar da 750 mAh. Kafin caji kowane sel yana nuna kusan bolt 3.9.

Mako na 2 da na 3: zargi ya faɗa kan rimot

Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne sigina ta yanke. Kusan duk wanda jirginsa ya yi haka nan hankalinsa ke fara tafiya. Rimot ɗinsa mai 2.4 GHz ne, kuma irin wannan sigina ba ta ratsa batir ko ƙarfe da kyau. Idan batir ya shiga tsakanin eriyar rasiba da mai tuƙi a lokacin kwana, ana iya samun giɓi. Ya buɗe jirgin ya tarar eriyoyin rasiba biyu suna kwance gefe da gefe kusa da wayoyin inji. Ya raba su, ɗaya ta miƙe tare da jikin jirgi, ɗaya ta gicciye ta, yadda masu ƙera rasiba ke cewa a yi. Ya sa rimot a yanayin gwajin nisa, wanda ke rage ƙarfin sigina da gangan, ya ja da baya mita 30, ya motsa sanduna. Komai ya amsa. Ya sa wani ya riƙa juya jirgin ta kowace fuska, nan ma bai ga giɓi ba.

Ya tashi sau uku a mako na biyu. Sau biyu ya sauka kafin minti huɗu saboda fargaba, babu abin da ya faru. A na uku ya daure ya ci gaba, jirgin ya suma a minti 4 da daƙiƙa 20, ya farfaɗo.

A mako na uku ya canza rasiba ɗungum, ya haɗa sabuwa da rimot, ya sake gwajin nisa. Ya kuma canza fili, ko da akwai wani abu a tsohon wurin da ke yi wa sigina kutse. A sabon fili, da sabuwar rasiba, jirgin ya suma a minti 4 da daƙiƙa 5, a lokacin bai fi mita 60 daga inda yake tsaye ba.

A wannan makon ya rubuta abu biyu a gefen littafi ba tare da ya ɗauke su da muhimmanci ba. Na farko, in ya sauka ya cire batir, ESC tana da zafin da yatsa ba ya jurewa. Na biyu, in ya jona batir jirgin na yin wata 'yar ƙara, zzz, daga baya. Ya ɗauka duk sarbo haka suke.

Mako na 4: zargi ya koma kan batir

Da rimot ya fita daga zargi, sai ya juya kan batir. Ya san ESC tana da tsaro: idan ƙarfin batir ya faɗi zuwa wajen bolt 3 a kowane sel, takan yanke inji don kada LiPo ya lalace. Ya kuma san tsohon batir yakan durƙusa idan an ja wuta da ƙarfi, ko da yana nuna cike in yana hutawa. Batir ɗinsa ya yi wata takwas yana aiki. Lissafin ya yi masa daidai.

Ya samo sabo, mai sel uku, amma 3,000 mAh, don a ganinsa babba ya fi. Ya fi tsohon nauyi da giram 70, ya kuma fi shi kauri. Da ƙyar ya shiga ɗakin batir. Ya toshe rabin hanyar da iska ke bi daga hanci zuwa ciki, ya kuma tura ESC gefe ta manne da soso. Don kada ta riƙa motsi, sai ya naɗe ta da tef ya liƙa a bango.

Ƙarin nauyin ya kawo tasa matsalar. A da, in ya ɗora jirgin a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, yakan daidaita a santimita 6 daga bakin gaba na fiffike, wato kashi 30 cikin ɗari na faɗinsa, daidai inda irin wannan jirgi ke so. Yanzu ya koma santimita 4.5. Hanci ya yi nauyi. Sai da ya ƙara wa leɓen wutsiya ɗagi kafin jirgin ya tafi a miƙe, sauka kuma ta ƙara gudu.

Tashin farko da sabon batir, jirgin ya suma a minti 3 da daƙiƙa 15.

Mako na 5: faɗuwa

Bai tsaya ba. Ya yanke shawarar ya riƙa sauka a minti uku har ya gano bakin zaren. A tashi na biyu na wannan mako, agogon rimot ya yi ƙara, ya fara saukowa, yana kwanar ƙarshe a tsayin da bai fi mita 15 ba, sai jirgin ya suma. Daƙiƙa biyu da a can sama ba komai ba ne, a nan sun isa. Ya caki ƙasa da hanci.

Hanci ya fashe, sandar inji ta tsira, sabon batir ya lotsa a kusurwa ɗaya. Ya ajiye shi a waje kan siminti, nesa da duk abin da zai kama wuta, ya sa masa ido. Washegari ya ga ya fara kumbura. Bai sake caja shi ba. LiPo da ya lotsa ko ya kumbura aikinsa ya ƙare, don yana iya kamawa da wuta a kan caja.

Mako na 6: gwaji a ƙasa

Bayan ya liƙe hanci sai ya kai jirgin wurin wani da ya fi shi daɗewa a harkar. Wannan ya saurari labarin duka, sannan ya yi tambaya ɗaya: in jirgin ya suma, inji kaɗai ke ɗaukewa, ko har tuƙi? Ya amsa cewa har tuƙi. Mutumin ya ce to a bar maganar tsaron batir, domin wannan tsaro inji kawai yake yankewa, yana barin sarbo da wuta don a samu a sauka.

Ba su tashi ba ranar. Sun ɗora jirgin a kan tebur, suka mayar da tsohon batir 2,200, suka cire farfela tukuna. Duk gwajin da ba ya bukatar farfela, a cire ta. Injin lantarki yana tashi ba gargaɗi, farfela kuwa tana yanka yatsa. Suka saka mitar awon wuta tsakanin batir da ESC, suka jona wata mitar a ramin rasiba da babu kowa, don ganin bolt ɗin da ke isa wurinta. Rimot aka fara kunnawa, sannan batir.

Inji a kashe, babu wanda ya taɓa sanda, mita ta nuna amfiya 0.7. Ƙarar nan tana fitowa daga sarbon da ke karkatar da wutsiya. Suka zare sandar turi, wadda ke haɗa sarbo da leɓen wutsiya, daga hannun sarbon. Ƙara ta tsaya, mita ta sauko 0.1. Da suka duba, sandar ta ɗan lanƙwashe tun saukar mako na ɗaya, gam ɗin da ya liƙe wutsiya kuma ya gangara cikin mahaɗar leɓen ya daskare. Leɓen yana motsi, amma da ƙyar, kuma ba ya komawa tsakiya sosai. Sarbon yana ta ƙoƙarin kai shi inda aka umarce shi, bai isa ba, bai kuma daina ba.

Ba su gyara ba tukuna. Mutumin ya ce a mayar da komai yadda yake, a ga ko za a iya sa jirgin ya suma a gabansu. Suka mayar da sanda, suka yi ta juya sandunan rimot kamar ana tuƙi. Wuta ta riƙa kai wa amfiya 1.5, bolt a rasiba ya sauko daga 5.0 zuwa 4.7. Minti shida suna haka. ESC ta yi zafi amma ba ta yanke ba.

Sai suka fita waje, suka ɗaura farfela 10x7, suka ɗaure wutsiyar jirgin da igiya, kowa ya tsaya a bayansa. Totur a ƙarshe: amfiya 27, wat 295. Suka rufe murfi yadda ake tashi, ESC tana naɗe a tef ɗinta, suka bar totur tsakanin rabi da kashi uku cikin huɗu, suna juya sanduna. A minti 3 da daƙiƙa 40 mitar rasiba ta zube daga 4.6 zuwa ƙasa da 3.5. Sarbo suka tsaya, inji ya ɗauke. Bayan daƙiƙa biyu bolt ya dawo, tuƙi ya dawo. Rimot yana mita biyu daga jirgin, batir yana nuna 3.9 a kowane sel.

Mako na 7: gyara, ɗaya bayan ɗaya

Sun yi gyara huɗu, kuma bayan kowanne suka maimaita gwajin igiya na minti shida kafin su taɓa na gaba.

Da farko ya kankare gam daga mahaɗa da wuƙa mai kaifi, ya lanƙwasa leɓen hagu da dama har ya saki, ya sa sabuwar sandar turi. Wutar zaman banza ta tsaya a 0.1, ta juya sanduna ba ta wuce 0.8 ba. Da farfela 10x7 har yanzu, jirgin ya cinye minti shida bai suma ba. Amma ESC ba ta taɓuwa, bolt a rasiba kuma ya ɗan taɓa 4.5 wajen ƙarshe.

Na biyu, aka mayar da farfela 9x5. Totur a ƙarshe ya ba da amfiya 16, wat 180. Ga jirgi mai giram 950 wannan ya kusa wat 190 a kowane kilo, ya ishi jirgin koyo har da rara. Bayan minti shida ESC tana da ɗumi, ana iya riƙe ta.

Na uku, ya warware tef, ya ɗora ESC a tsakiyar hanyar iska, ya huda ƙofar fita a ƙarƙashin jiki bayan fiffike, ya yi ta ta fi ta shiga girma. Iskar da ta shiga ba ta da mafita ba ta sanyaya komai. Da ƙaramin batir a mazauninsa, ma'aunin nauyi ya koma santimita 6, ya cire ɗagin da ya ƙara wa wutsiya.

Na huɗu, ya saka BEC mai zaman kanta, mai amfiya 3, irin wadda ke rage wuta ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri maimakon ƙona rara. Ya zare jar waya daga filogin da ke zuwa rasiba daga ESC, ya naɗe bakinta, don kada BEC biyu su haɗu a layi ɗaya. Bolt a rasiba ya zauna tsakanin 4.9 da 5.0 komai juya sanduna.

Mako na 8 zuwa na 12: sakamako

Tashin farko ya yi shi a can sama, minti biyar, ya sauka ya taɓa ESC. Na biyu minti bakwai. Daga na uku ya mayar da agogo minti 9. A makonni biyar ya tashi sau 23, jirgin bai suma ba ko sau ɗaya. Caja tana mayar da 1,200 zuwa 1,350 mAh, ƙasa da 1,760 da ke zama kashi 80 cikin ɗari na batir ɗin, iyakar da masu LiPo ke ƙoƙarin kada su wuce. Hawa ya koma irin na da, ba zafi-zafi kamar na 10x7 ba.

Abin da ya faru, da dalilin da gyaran ya ci

BEC ɗin da ke cikin ESC ɗinsa irin mai sauƙin nan ce da ke rage bolt ta hanyar mayar da rarar zafi. Lissafinta ba wuya: a cire 5 daga bolt ɗin batir, a ninka da amfiyar da sarbo ke ja. Da batir a 12, rarar 7 ce. A amfiya 0.1 zafin bai kai wat ɗaya ba. A 0.7 ya kusa wat 5, kuma ba hutu, tun daga jona batir. A 1.5 ya haura wat 10, a kan wani ɗan abu da bai kai farce girma ba. Amfiya 2 da aka rubuta a jikinta tana yiwuwa a kan batir mai sel biyu, inda rarar ba ta da yawa. A kan sel uku abin da take iya ɗauka na dogon lokaci ya yi ƙasa da haka sosai. Irin wannan na'ura in ta kai wani mizanin zafi takan kashe kanta. Da ta kashe, rasiba ta mutu, ESC ta rasa umarni ta tsayar da inji, nauyi ya sauka, ta ɗan huce, ta dawo. Daƙiƙa biyun nan lokacin hucewa ne da lokacin da rasiba ke ɗauka ta farka ta sake kama rimot.

Sarbon da ya maƙale shi ne tushe, amma shi kaɗai bai kayar da BEC ba. Gwajin tebur na minti shida ya nuna haka. Farfelar ce ta cika. Ƙarin inci ɗaya a tsawo ba ƙarami ba ne, domin a gudu ɗaya ƙarfin da farfela ke ci yana bin tsawonta ne idan an ninka shi da kansa sau huɗu a jere, don haka daga 9 zuwa 10 kaɗai ƙarin kusan rabi ne, kafin a zo ga ƙarin daga 5 zuwa 7. Amfiya 27 ba ta wuce 30 ɗin ESC ba, shi ya sa ba ta ƙone ba, amma ta gasa allon da BEC ke zaune a kai. Babban batir kuwa gudun gara ne aka faɗa gidan zago: ya toshe iska, ya jawo tef, kuma da yake ya fi riƙe bolt a sama, rarar da BEC ke ƙonawa ta ƙaru. Minti guda da suman ya matso gaba a mako na huɗu daga nan ya fito.

A ganina zargin rimot ba wauta ba ne a ranar farko. Ya zama kuskure ne a mako na biyu, lokacin da littafinsa ya riga ya nuna cewa suman yana bin agogo, ba nisa ba. Yankewar sigina tana zuwa da nisa ko da yanayin karkatar jirgi, ba ruwanta da minti nawa aka yi. Abin da ke jiran minti huɗu kowane lokaci ko dai wuta ce ke ƙarewa ko zafi ne ke taruwa, kuma 750 mAh da 3.9 sun riga sun wanke batir tun mako na ɗaya. Babban abin da na fi ganin laifinsa a kai shi ne ci gaba da gwaji a sama, musamman shawarar sauka a minti uku, wadda ta sa suman ya same shi a daidai wurin da babu tsayin farfaɗowa. Duk abin da aka gano an gano shi ne cikin yini ɗaya, da igiya da mitocin awon wuta guda biyu.

Cikin gyara huɗun, na ɗaya da na biyu su ne magani. Na uku ya warware ɓarnar mako na huɗu. Na huɗu rata ce ya saya wa kansa, don ranar da wani sarbo zai sake maƙalewa a sama. Tsohuwar rasibar da ya cire a mako na uku yanzu tana cikin wani jirgin nasa, tana aiki lafiya.